Yadda ake gano inda ƙarar kwaram-kwaram take bayan ka ɗaura sabuwar salansa da kanka a gida

Jama'a salamu alaikum. Kwanakin baya na sayi salansa irin mai ƙyallin nan ta sitenles, bututunta ya fi na kamfani kauri, ni da ƙanena muka ɗaura wa Corolla ta ƙirar 2010 a ƙofar gidanmu nan Aboabo a Kumasi ranar wata Asabar, muna ta murna wai mun tsira da kuɗin aiki. Da muka tada mota sauti ya fito mai daɗi har yaran layi suka taru. Washegari na ɗauki Mma da ƙannenta biyu zan kai su suna a Tafo, ai ko ba mu yi nisa ba sai naji kwaram kwaram kwaram daga baya, duk ramin da na shiga sai ta amsa. Mma ta juyo tace "kai yaron nan, gwangwani ka ɗaure wa motar ne?" Wallahi kunya kamar in nutse.

Sati biyu nayi ina shiga ƙarƙashin motar nan ina fita kafin na gane kanta, shi yasa nace bari in rubuta yadda ake bin abun daki-daki, don mafi yawan lokaci ba salansar ce ta lalace ba, ƙarfe ne kawai yake taɓa ƙarfe a wani wuri da idonka bai kai ba, kuma sau tari kai ka jawo da hannunka ranar ɗauri. Wanda yayi saurin zuwa wajen mai walda tun bai san inda ƙarar take ba, toh a nan ake gyaran gangar Auzinawa, a liƙe bututu a karkace kuma shikenan babu juyawa.

Kafin komai, maganar rai. Kar ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak ɗin canja taya kaɗai, kuma kar ka dogara da bulo na siminti, bulo ba ya gargaɗi, farfashewa yake lokaci guda. Ka samu ƙafafun ƙarfen da ake tokare mota da su, ko ka roƙi wani masta ko masu wankin mota su bar ka ka hau ramin su na awa ɗaya, rami ma ya fi, zan faɗi dalili a gaba. Ja hambirki, sa dutse ko katako a gaba da bayan tayar da ke ƙasa. Sannan hayaƙin mota yana ɗauke da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum a rufaffen wuri, don haka ba a tada inji a cikin gareji a rufe, kuma irin gidajenmu na zango da taga ke kallon taga kar ka juya wa tagar maƙwabci bakin salansa kana taka totur.

Kayan aiki ba su da yawa: tocila mai haske sosai, sifana 10, 12 da 14 in motar Japan ce ko Koriya, in ta Turai ce ka haɗa da 13, 15 da 17, guduma ta roba in babu dunƙulen hannunka ya isa, safar hannu mai kauri, sandar katako kamar ƙotar fartanya, alli, ruwan omo a gora, da mutum ɗaya mai haƙuri da zai zauna a sitiyari.

Mataki na farko ba a ƙarƙashin mota yake ba, a but yake. Kwashe komai, jak, sifanar taya, galan, kwalaben ruwa, ka duba ko safaya taya a ɗaure take, ka danna lambar mota ta baya da yatsa kaji ko tana karkarwa. Sabuwar salansa sautinta ya fi na da nauyi, tana girgiza abubuwan da a da suke kwance lafiya, na san wanda ya kwance salansa gaba ɗaya ashe noti ɗaya ne babu a jikin lamba. Minti biyar ne wannan, yi shi ka wuce.

Daga nan sai sauraro, kuma a nan nake so ka daɗe, don lokacin da ƙarar take zuwa shi ke gaya maka rabin amsar. Kashe rediyo, kashe esi, sauke gilas, ka zaga. In kana jin zirrr ko karrr siririya kamar ana kaɗa murfin tukunya, tana zuwa a wani mataki na totur in ka wuce shi ta ɗauke, toh ka fara zargin kwanon kare zafi, wato falen ƙarfen nan mara kauri da ke tsakanin salansa da cikin mota. In gwaf ce ko dum mai nauyi, sai ka shiga rami ko ka hau tudun rage gudu ko ka ɗauki mutane a baya, wannan bututu ne ko tukunya, wato tulun salansar da ke rage ƙara, ke dukan jikin mota ko ƙarfen tayoyin baya. In tana zuwa lokacin da ka sa giya, ko ka tashi daga tsaye, ko ka sa ribas, ka ajiye injin sit a ranka, wato robar da inji ke zaune a kai. In da sanyin safiya kake jin tas-tas-tas daga gaba kuma in mota ta ɗau zafi ta ragu, wannan ba karo bane, hayaƙi ne ke tsira ta wata kafa. In kuma akasin haka ne, da sanyi shiru sai kayi tafiyar minti ashirin ta fara, toh bututu ne ya miƙe da zafi ya je ya taɓa wani abu. In ko kamar tsakuwa a cikin gwangwani ce, cakar-cakar ko a sulo, abun na ciki ne, zamu zo kansa.

Ni tawa iri biyu ce ta haɗu, shi ya ruɗa ni. In ni kaɗai ne a mota da safe babu komai, in na ɗau mutane ko nayi nisa sai ta fara, har na fara tunanin ko motar ce ba ta son dangi.

Mataki na gaba, bar mota ta huce sarai, aƙalla awa biyu, katalis, wato tukunyar da ke tace hayaƙi kusa da inji, yana riƙe zafi fiye da yadda kake zato kuma ƙunarsa ba wasa bace. Shiga ƙasa ka fara daga gaba inda salansa ta haɗu da inji, kana bubbugawa da gudumar roba a hankali kana tafiya baya, duk taku ɗaya ka buga ka saurara. Salansa mai lafiya in ka buge ta dum take cewa ta yi shiru, in kaji wani abu ya amsa daga baya, karrr ko ƙwal, tsaya a nan ka sake bugawa kana dafa abubuwan da ke kusa ɗaya bayan ɗaya har ka dafa wanda ƙarar ta mutu. Bayan haka kama bakin salansa ta baya ka girgiza ta da ƙarfi, sama da ƙasa, hagu da dama, gaba da baya. Ya kamata tayi lilo a kan robobin da aka rataye ta da su ta dawo tsakiya ba tare da ta taɓa komai ba. In ka tura ta dama kaji ƙwal, ka sa ƙaninka ya ci gaba da turawa kai kuma ka bi da tocila.

Abun da kake nema da tocilar shine tabo. Duk inda ƙarfe biyu suke gogar juna sai sun bar shaida, wuri ɗaya zai yi ƙyalli kamar an goge shi, ko fentin ƙasan mota ya kankare, ko jar ƙurar nan tamu ta Kumasi ta share a wuri ɗaya ƙwal alhali ko'ina ta rufe. Ƙurar nan ma taimako ce in ka iya karanta ta. Wuraren da aka fi samu: sama da ƙasan bututu inda ya haye ƙarfen tayoyin baya, gefen tukunya da ramin safaya taya, kusa da shokozoba, ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin mota a tsakiya, ƙugiyar jan mota, wayar hambirki, da bakin bamba. In ba ka ga tabo ba, goga alli sosai a duk inda kake zargi, ka zaga gari ka dawo, inda allin ya koma jikin ɗaya ƙarfen nan ne.

Tazarar da nake nema ni ita ce yatsuna biyu su shiga ko ta ina, kamar santimita 2 zuwa 2 da rabi, in wuri ya matse sosai yatsa ɗaya shine ƙarshe, amma kusa da tankin mai da bututun birki da duk wani abu na roba kar ka yarda da yatsa ɗaya. Ka tuna in tsohon bututunka inci 2 ne ka sa mai inci 2 da rabi, wato daga milimita 51 zuwa 63, ka cinye wajen milimita 6 ta kowane gefe tun kafin ka ɗaure noti ɗaya, kuma hanyar da kamfani ya bar wa bututun ba ta ƙaru ba.

Yanzu ga dalilin da yasa nace rami ya fi, kuma nan ne ni na faɗi. Ranar ɗauri mun ɗaga bayan motar tayoyi suna reto a iska, in tayoyi suna reto ƙarfen da ya haɗa su yana sauka ƙasa, sai kaga fili fetal tsakaninsa da bututu har hannu na shiga, kace ai lafiya lau. Kana sauke mota ƙarfen ya hau sama, ka zuba mutum uku a baya ya ƙara hawa, ka shiga ramin hanyar Sawaba ya je ya daki bututu. Don haka duk awon da za ka yi a baya ka yi shi nauyin mota na kan tayoyinta, in da hali ma ka sa mutum biyu su zauna a kujerar baya ko su danna but suna saki kana kallo daga gefe. Da nayi haka a kan rami sai ga tabon nan a ƙasan bututu daidai inda ya haye ƙarfen, wurin da ba ka gani sai ka sa madubi ko ka tura waya ka ɗauki hoto.

Sai maganar zafi. Ƙarfe yana miƙewa in yayi zafi, kuma sitenles irin 304 da ake yin salansar ƙawa da shi ya fi baƙin ƙarfe miƙewa. Lissafin ba wuya: bututu mai tsawon mita 3 in zafinsa ya ƙaru da digiri 300 zai ƙara wajen milimita 15, baƙin ƙarfe kuma wajen 11. Gaba a ɗaure yake da inji, saboda haka duk miƙewar baya take tafiya. Kaga ke nan in ka bar santimita ɗaya tsakanin tukunya da wani ƙarfe ta baya, da sanyi shiru, kana kaiwa Ejisu ta cinye shi. Shi yasa in kana saita salansa da sanyi ake so robobin su ɗan karkata, ƙasansu ya ja wajen inji kaɗan, yadda in tayi zafi za su dawo su miƙe tsaye. In da sanyi ma sun riga sun ja baya, da zafi za su ɗame kamar tsirkiya su riƙa kai jijjiga cikin mota.

Toh in ka gano karo ne, ga gyaran, kuma shine zuciyar maganar gaba ɗaya. Kar ka kama wuri ɗaya ka lanƙwasa da ƙarfi. Sassauta komai, duk kilam, wato ƙarfen da ke matse bututu biyu a mahaɗa, da duk notin mahaɗa tun daga inda sabon ya fara har baya, ba cirewa ba, sassautawa yadda bututu zai iya juyawa da hannu. Kuskuren da kusan kowa ke yi a gida shine ya ɗaura guntu na farko ya ɗaure tam, ya kawo na biyu ya ɗaure tam, kafin ya kai tukunyar baya ƙaramar karkatar da ta faro daga gaba ta zama babba, sai ya ja ta da ƙarfi ya cusa a roba. Haka mu ma muka yi. Yadda ake yi shine a rataye komai a kan roba tukuna a sake, sannan a saita.

Samo guntayen katako masu kaurin yatsa biyu ka cusa a duk wuraren da kake son tazara, sama da ƙasan bututu wajen tayoyin baya, gefen tukunya, bakin bamba. Tallafe tukunyar da jak da katako a kai ko ƙaninka ya riƙe ta daidai inda ake so. Sai ka juya bututun tsakiya a hankali, juyi kaɗan a mahaɗa yana ɗaga gwiwar da ke baya sosai, za ka sha mamaki. Inda bututu ke shiga cikin bututu ka tabbata ya shiga aƙalla inci 2, in ya shige da yawa salansar ta gajarce, in kaɗan ya shiga ta yi tsawo kuma za ta iya zarewa a hanya. In komai ya zauna sai ka fara ɗaurewa daga gaba zuwa baya, kowane mahaɗi mai noti biyu ka riƙa ɗaure su bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, kar ka gama da ɗaya ka koma ɗaya. Bayan kowane mahaɗi ka leƙa baya ka ga ko wani abu ya gusa. A ƙarshe ka cire katakan, kar ka manta ko ɗaya a ciki don Allah, katako a jikin salansa wuta ce.

Kilam iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai siffar U da noti biyu, shi in ka ɗaure shi sosai yana matse bututu yayi masa wuya, daga nan ba ya ƙara juyuwa sai da wuta da guduma, saboda haka shi ne na ƙarshen ɗaurewa, sai ka tabbata. Akwai kuma mai faɗi kamar ɗamara, ya fi tsada amma ba ya ɓata bututu, ni shi na fi so in dai girmansa ya dace da bututun daidai. Ko wanne ka sa, juya notinsa su kalli gefe. In suka kalli ƙasa tudun farko a hanyar Offinso zai gaisa da su, in suka kalli sama su ne za su riƙa ƙwanƙwasa maka ƙasan mota.

Robobi kuwa, gaskiya in ka sayi sabuwar salansa ka mayar da tsofaffin robobi ka yi tuya ka manta albasa. Robar da ta shekara goma tana ɗauke da tukunya ta riga ta saki, ramin ta ya zama dogo, wani lokaci kuma sabuwar tukunyar ta fi tsohuwar nauyi. Ja kowace ka duba tsagewa. Cire ɗaya ka tafi da ita kasuwar kayan mota ta Suame Magazine ko in kana Accra ka shiga ta Abossey Okai, ka gwada tsawon tsakanin ramukan, don banbancin santimita ɗaya a roba shine banbancin shiru da kwaram. Wajen sawa ka shafa ruwan omo, kar ka sa baƙin mai ko giris, suna cin roba. Akwai masu tauri sosai masu launi ja ko shuɗi, suna hana lilo amma suna shigo da jijjiga cikin kujera, ni na sa guda ɗaya ne kawai a wajen tukunyar baya inda nake son ta tsaya cak, sauran na bar baƙaƙe. Ɗaure salansa da waya ko tsinken taya kuma na kai ka gida ne kawai in ta sauka a hanya, waya ƙarfe ce, duk motsin inji za ta kai maka har sitiyari. Ka kuma duba sandunan da robar ke shiga, wani lokaci na sabuwar salansar ba su da kai mai kauri a ƙarshe sai roba ta riƙa zamewa, ƙaramin kilam na tiyo a bakin sandar yana tsayar da ita.

Kwanon kare zafi shi ma ya ba ni nawa rabon. Da yawa cikin motocin da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema daga Amurka da Kanada sun sha gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, sai kaga notin na nan daram amma kwanon ya cinye a zagayensa, yana rataye ne kawai da ikon Allah, ranar da kuke fama da cire tsohuwar salansa kuka bangaje shi ya ƙarasa. Gyaransa araha ne, cire notin da sifana 10, sa washa mai faɗi wadda ta fi ramin girma, ka mayar. In wanda ya naɗe bututu ne ko katalis, dogon kilam na tiyo na ƙarfe ka zagaya ka ɗaure. In sabon bututu ne ke taɓa shi, tura shi da hannu ya lanƙwasa ya ba da wuri, taushi gare shi. Wasu za su ce maka cire shi ka yar ba ya aikin komai, kar ka ji, musamman wanda ke wajen tankin mai da wanda ke ƙarƙashin kujera, garin neman gira kar a rasa ido.

In duk wannan da sanyi bai nuna komai ba, sai a gwada inji na aiki. A fili, giya a fakin ko nitira, hambirki a sama, mota a kan tayoyinta ko a rami. Mutuminka ya riƙa ƙara totur a hankali har ya kai inda ƙarar take ya riƙe a nan, kai kuma ka sa safar hannu kana danna abubuwa da sandar katako, kwano, tukunya, kilam, ƙarfen ado na bakin salansa. Wanda ka danna ƙara ta ɗauke shine ɓarawon. Ƙarfen adon nan ma kar ka raina shi, ƙananan sukurori ne ke riƙe shi kuma suna kwancewa da zafi. Ka kula da rigarka da fanka da bel in ka matso gaba.

Wajen gaba akwai abun da mutane ke ɓatawa ba su sani ba. A Toyota da wasu motocin Japan mahaɗin gaba yana da gaskit mai kama da zobe da bol biyu masu sifirin, an yi shi ne don ya riƙa motsi in inji ya motsa. In ka yar da sifirin ɗin ka sa bol na kawai ka ɗaure tam, motsin injin gaba ɗaya zai bi salansa har baya, ta riƙa dukan duk abun da ta samu, ƙarshe ta tsage a walda. Mayar da masu sifirin, kuma zoben in tsoho ne canja shi. Wasu motocin kuma guntun bututu mai saƙa ne ke wannan aikin, in saƙar ta tsintsinke ita ma tana zirrr.

Gwajin tsiran hayaƙi da sanyi ake yi. Tada mota, cikin minti na farko kafin ƙarfe yayi zafi ka watsa ruwan omo a kowane mahaɗi, inda yayi kumfa nan ne, ko ka nemi baƙin toka a gefen mahaɗi. Wani ya toshe bakin salansa da tsumma na daƙiƙa biyu uku, za ka ji fis-fis ɗin ta fito fili. In kafar tana gaba kusa da sansar iska, wato na'urar da ke auna iskar cikin hayaƙi, tana iya ruɗa kwamfutar mota, fitilar inji ta kama, mai ya riƙa tafiya, ban da hayaƙin da zai riƙa shigo muku ciki a go-sulo na Kejetia. Tunda kana wurin ka duba wayar sansar ma, kar ta kwanta a kan bututu.

Injin sit kuma ga yadda ake duba shi a mota mai otomatik: buɗe bonet, hambirki a sama, mutuminka ya taka birki da ƙarfi ya sa D ya ɗan taɓa totur, ya dawo ya sa R, kai kana tsaye a gefe, a gefe nace ba gaba ba. Inji zai ɗan motsa, wannan daidai ne, amma in kaga ya yi tsalle ko kaji gwaf toh robar ta mutu. Tsohuwar salansa siririya tana da filin da za ta bi shi ba ka ji, sabuwa mai kauri ba ta da shi, sai ka ɗora mata laifin da ba nata ba.

Saura na ciki. In ka bugi katalis kaji kamar fasassun tangaran na zuba, saƙar da ke cikinsa ce ta farfashe, sau da yawa dukan guduma ranar cire tsohuwar salansa ke jawo shi, wannan ba ya gyaruwa sai canji, kuma in ka bari guntayen na iya toshe hanya mota ta daina ja. In kuma sabuwar tukunyar ce ke cakar-cakar a ciki, sauke ta ka girgiza, wani lokaci ɗigon walda ne ko washa ta faɗa ciki za ta fito, in farantin ciki ne ya saki ka mayar wa mai kaya tun ba ka taɓa ta da walda ba, don kana taɓawa magana ta ƙare.

Wani abu da ake haɗawa da wannan alhali daban yake shine gurnanin nan, wuuuu da ke cika kunne in ka miƙe hanya a gudu ɗaya, har kai ya riƙa ciwo kafin ka kai Konongo. Wannan babu abun da ke taɓa wani, sautin salansar ne ya dace da cikin motar, yawanci saboda an cire ƙaramar tukunyar tsakiya. Ɗaure noti ba ya maganinsa, sai an mayar da tukunyar tsakiyar.

Akwai lokacin da za ka sassauta ka saita sau uku abu yaƙi zama, toh a nan ka duba ko kayan na motarka ne da gaske. Suna ɗaya ba ya nufin ƙarƙashin motar iri ɗaya ne, mai but da mara but tsawonsu ba ɗaya ba, ta Amurka da ta Turai ko Japan wani lokaci ƙugiyoyinsu ba wuri ɗaya suke ba. In haka ne sai mai walda, amma yanzu kai za ka nuna masa wurin da alli kace masta, nan nake so a ɗaga sandar nan santimita biyu, ba ka je kace tana ƙara a duba min ba. A cire kan batir kafin a fara, a kare tankin mai, kuma a ɗiga walda kaɗan tukuna a sauke mota a gwada kafin a zagaye.

Ni dai a ƙarshe robobi uku na canja, na juya bututun tsakiya kaɗan, na sa washa biyu a kwanon wajen tanki. Na zuba ƙanena da abokansa biyu a baya muka je Ejisu muka dawo ta hanya mai gargada da gangan, shiru. Amma kar ka ajiye sifana tukuna, bayan mota tayi zafi ta huce sau uku ko huɗu kilam yana saki, gaskit yana kwanciya, sai ka sake bi da sanyi daga gaba zuwa baya ka ƙara ɗaurewa. Nawa da na koma bayan kwana huɗu, kilam na tsakiya sai da ya ci rabin juyi, na baya kusan juyi ɗaya cur.